Takardar da yarinya ta kawo daga lakwal

Waɗanda shirinmu na daren Laraba ya wuce su, ko suna kan hanyar kasuwa ko suna daji da dabbobi inda rediyo ba ta kamawa sosai, ga abin da muka tattauna. Na rubuta shi yadda mai karatu ɗaya zai iya karanta wa jama'a a rumfa ko a ruga.

Wani Alhaji, dillalin shanu a ɗaya daga cikin kasuwanninmu na bakin iyaka, shi ya aiko mana saƙon murya. Ƙaninsa ya daɗe a Landan yana tuƙin mota. Ɗiyar ƙanin nan, ƴar shekara goma, ta dawo daga lakwal da takarda: za a ɗebi ƴan ajinsu a mota a kai su gidajen ibada uku, na mabiya addinin Sikh, na Hindu da na Buda, ana son uba ya sa hannu. Uban ya rasa ta cewa, sai ya kira yayansa. Alhaji ya ce masa kada ya kuskura. To amma da ya kwana ya tashi sai amsar ta tsaya masa a rai, domin shi kansa bai san ko su wane ne mutanen nan ba. Iyakar saninsa da Indiya fim ne. Tambayarsa biyu ce: me za a nuna wa yarinyar, kuma sa ta za a yi ta yi bauta?

Alhaji, hukuncin halas da haram na malamai ne, can za a kai shi. Amma ko malami sai an faɗa masa yadda abu yake kafin ya ba da fatawa. Nawa aikin shi ne in faɗi abin da ke bayan kowace ƙofa.

Da farko, me ya sa makaranta take yin haka? A Ingila darasin sanin addinai dole ne a kowace makarantar gwamnati tun dokar ilimi ta 1944. A 1988 aka ƙara cewa darasin ya fi ba da ƙarfi ga Kiristanci, amma ya haɗa da sauran manyan addinan da ke ƙasar. Kuma suna da yawa. Ƙidayar 2021 a Ingila da Wales ta samu Musulmi miliyan 3.9, Hindu miliyan 1, Sikh 524,000, mabiya Buda 273,000. Ke nan yarinyar nan, a ajinta ko a layinsu, da wuya a ce babu ɗan ɗayan gidajen nan uku. Dokar kuma ta ba uba dama ya cire ɗansa daga darasin, ba tare da ya faɗi dalili ba. Wannan ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Yadda da yawa daga cikinsu suka je Ingila ma labari ne da ɗan kasuwar iyaka zai gane tun ba a gama ba. Turawa sun kwaso Indiyawa zuwa Gabashin Afirka aikin titin jirgin ƙasa da aka fara daga Mombasa a 1896, wasu kuma kasuwanci ya kawo su, suka kafa kantuna, suka hayayyafa. A watan Agusta 1972 Idi Amin ya ba su kwana 90 su bar Yuganda. Kusan 28,000 suka sauka Birtaniya, wasu da akwati ɗaya tak. Tsofaffinmu da aka koro daga Gana a 1969 zamanin Busia sun san ɗacin wannan, haka waɗanda aka kora daga Najeriya a 1983.

To, mu shiga mota. Takardar ba ta hannuna, saboda haka zan ɗauki wurare uku na Landan da makarantu suka saba kai yara.

Na farko Southall, wata unguwa a yammacin birnin kusa da filin jirgin Heathrow, inda allon tashar jirgin ƙasa ma an rubuta shi da Turanci da rubutun mutanen Punjab. A nan babban gidan ibadar Sikh yake, wanda aka buɗe a 2003, ɗaya daga cikin mafiya girma a wajen Indiya. Suna kiran gidan ibadarsu gurdwara, wato ƙofar Guru, Guru kuwa malami ne mai shiryarwa. Daga nesa za ka gane shi da doguwar tuta mai launin ruwan goro. A bakin ƙofa kowa zai cire takalmi, ya wanke hannu, ya rufe kai, mace da namiji. Wanda bai zo da ɗankwali ko hula ba, akwai ƙyallaye a kwando. Taba da giya ba sa shiga, ko a aljihu.

A cikin babban zauren babu gunki ko ɗaya. Mabiya Sikh sun ce Ubangiji ɗaya ne, ba shi da siffa, ba a haife shi ba. Abin da ke gaba, bisa wani dandamali ƙarƙashin alfarwa, littafinsu ne, Guru Granth Sahib, mai shafi 1,430. Wani yana zaune bayansa yana kaɗa masa izga kamar yadda ake yi wa sarki figini. Da dare a ɗauke shi bisa kai a kai shi ɗakinsa, da asuba a dawo da shi. Mabiya suna zuwa su durƙusa gabansa, goshi a ƙasa. Baƙo ba a neman haka daga gare shi. Yara za su zauna a ƙasa, mata gefe maza gefe, kada dai a miƙe ƙafa ta fuskanci littafin.

Wanda ya kafa addinin, Guru Nanak, an haife shi a 1469 a wani ƙauye kusa da Lahore, ya rasu a 1539. Labaran da mabiyansa ke bayarwa game da ƙuruciyarsa, wallahi kamar a garinmu aka yi su. Sun ce yana yaro kiwon dabbobin babansa yake yi. Da ya tasa, uban ya ba shi rufi 20 ya ce ya je ya yi ciniki mai riba. A hanya ya tarar da wasu masu ibada da yunwa ta galabaitar, ya saye abinci da kuɗin kaf ya ciyar da su, ya dawo ya ce wa uban ai cinikin gaskiya ya yi. Ku ƴan kasuwa kun san irin kallon da uba zai yi wa ɗan da ya dawo da wannan lissafi. Daga baya ya riƙe rumbun hatsin wani gwamna Musulmi, kuma abokin tafiye-tafiyensa na tsawon shekaru, Mardana, Musulmi ne makaɗin garaya irin tasu. A cikin littafin nasu ma akwai baitocin wani shehin Sufaye, Baba Farid. Duk da haka addini ne mai zaman kansa, ba reshen Musulunci ba, ba kuma na Hindu ba. Guru goma aka yi a jere. Na goman, Gobind Singh, kafin ya rasu a 1708 ya ce daga kansa babu sauran Guru mutum, littafin shi ne Guru.

Shi ne kuma a 1699 ya ɗora wa waɗanda suka yi mubaya'a alamomi biyar: gashin da ba a askewa, matajin itace, awarwaron ƙarfe, gajeren wando, da ƴar wuƙa a kube da suke kira kirpan. Rawanin da kuke gani a fim, gashin yake rufewa. Makiyayin da aka taɓa ƙwace masa wuƙa ko sanda a shingen jandarma zai so jin wannan: dokar Birtaniya, duk da tsananinta kan yawo da wuƙa, ta yarda ɗan Sikh ya rataya tasa saboda addini. Tun 1976 an ɗauke masa sa hular kwano a kan babur in yana da rawani. A 1983 kuma wani uba ya yi nasara a kotun ƙoli ta lokacin a kan wata makaranta a Birmingham da ta ce ɗansa sai ya cire rawani ya yi aski kafin a karɓe shi.

Rawanin nan da gemu sun sha jawo musu abin da Musulmi aka nufa da shi. Kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumba 2001, wani ya harbe Balbir Singh Sodhi a gidan mansa da ke jihar Arizona a Amurka, yana zaton Balarabe ne Musulmi. Jahilcin da ya kashe mutumin nan, da mu aka yi niyya. Shi ya sa ni dai ba na raina darasin da zai sa yaro ya iya bambance maƙwabcinsa.

Abin da yara suka fi dawowa da labarinsa shi ne ɗakin abinci, langar. Kowace gurdwara tana da shi, kyauta, ga duk wanda ya shigo, ba a tambayar addininka ko ƙasarka. A zauna a ƙasa sahu-sahu, attajiri kafaɗa da kafaɗa da mai shara, a zuba gurasa, miyar wake, shinkafa da ganye. Babu nama, babu ƙwai, don kowa ya iya ci. Masu dafawa da masu wanke kwanuka duk ƴan sa kai ne, kuɗin kuma daga ushirin da mabiya ke fitarwa daga samunsu. A babbar cibiyarsu ta Amritsar dubun dubatan mutane ake ciyarwa kullum. Suna yin addu'arsu kafin a fara rabo, amma abinci ne na baƙo, kamar yadda maigidan zango ke fito wa fatake da tuwo. Wanda ya bambanta shi ne ɗan curin da ake miƙawa a cikin zauren ibada, na garin alkama da sukari da man shanu. Shi wannan yankin ibadarsu ne, kuma yaro zai iya cewa ya gode bai karɓa ba. Af, ga wata da za ta amfani mai hulɗa da su: wanda ya yi mubaya'a a cikinsu ba ya cin naman da aka yanka irin yankanmu. In ka yi baƙon Sikh, kada ka wahalar da rago.

A bangon irin waɗannan gidaje yara kan ga hotunan wurarensu masu tsarki, a nan ne kuma maganar iyaka take shigowa. A 1947 da Turawa za su tafi, aka ɗauko wani lauya daga Landan, Radcliffe, wanda bai taɓa taka Indiya ba, aka ba shi kamar mako biyar ya ja layi. Layin ya raba Punjab biyu. Miliyoyin mutane suka yi gudun hijira, dubban ɗaruruwa suka mutu. Garin da aka haifi Nanak da garin Kartarpur inda ya rasu duk suka faɗa Pakistan, mafi yawan mabiyansa kuma suna Indiya. Mu da aka raba Katsina da Maraɗi, Daura da Damagaram, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kartarpur kilomita huɗu da ɗoriya ce kawai daga layin. Shekara da shekaru mutane suna tsayawa a gefen Indiya suna hangen ƙubbar da tabarau mai jawo nesa. Sai ranar 9 ga Nuwamba 2019 aka buɗe wata hanya ta musamman: babu biza, amma da fasfo, da rajista tun kafin ranar, da dala 20, kuma ka je ka dawo a yini guda. An yarda har mutum 5,000 a rana. Korona ta rufe ta a 2020, aka sake buɗewa a ƙarshen 2021, rikicin ƙasashen biyu na watan Mayu 2025 ya sake tsayar da ita. Wanda kayansa suka ruɓe a mota lokacin rufe iyakar 2019 ko ta 2023 ya san yadda ake kwana da ƙofa a buɗe a tashi da ita a garƙame.

Mu koma mota. Wuri na biyu Neasden, a arewa maso yammacin Landan, gidan ibadar Hindu fari fat mai ƙubbobi da hasumiyoyi, an buɗe shi a watan Agusta 1995. Fatake, ku ji yadda kayan gininsa suka yi yawo. An fasa dutse a Bulgeriya, an sayo marmara a Italiya, aka loda a jirgin ruwa zuwa Indiya. Can masassaƙa sama da 1,500 suka sassaƙe su guntu-guntu, fiye da 26,000, kowane da lambarsa, aka sake lodawa zuwa Landan aka harhaɗa. Jama'ar ce ta biya, yawancinsu ƴan asalin Gujarat, da dama kuma cikin waɗanda suka baro Gabashin Afirka. Har gwangwanayen lemo suka riƙa tsinta suna sayarwa don tara kuɗin.

Alhaji, a nan ne damuwarku take da tushe, ba zan ɓoye muku ba. A ciki akwai siffofi da aka sassaƙa, su suna kiransu murti, mu gumaka muke cewa. Ana yi musu wanka, a sa musu tufafi, a ajiye musu abinci. Da yawa daga malamansu za su gaya wa yaran cewa asalin abin bauta ɗaya ne, siffofin nan fuskoki ne da ake riskarsa ta cikinsu. Hindu kuwa ba hanya ɗaya ba ce, ba ta da mutum ɗaya da ya kafa ta, kowane gida da wanda ya fi karkata gare shi. Wajen tsakar rana akan yi wata ibada, arti: a kunna fitilun man shanu a faranti, a riƙa juya su gaban siffofin ana waƙa da ƙararrawa. Daga nan a zagaya da farantin, mabiya su ɗora tafin hannu sama da wutar su shafa a kai. Ƴan makaranta kan zauna su kalla. Yaron da ya bar hannunsa a cinya, farantin wucewa zai yi. Haka ɗigon jan nan na goshi, haka ɗan abin zaƙin da ake rabawa wanda aka fara miƙa wa siffofin. Abu uku ke nan da ya kamata a faɗa wa yarinya tun a gida, don kada kunya ta sa ta miƙa hannu saboda ta ga ƙawarta ta miƙa.

Yanzu makiyaya, ku matso kusa, maganar saniya ce. Da muka zo nan a shirin wayoyi suka yi ta shigowa, kowa yana tambaya wai da gaske Indiyawa saniya suke bauta wa? Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne uwa suka ɗauke ta. Ta ba da nono, a fitar da man da ake girki da shi ake kuma kunna fitilar ibada, ɗanta ya ja garma da amalanke, kashinta ya zama taki da makamashi. Wanda ya sha nonon uwa, in ji su, ba ya yanka ta in ta tsufa. Krishna, mai sarewar nan da kuke gani a fim, a ruga aka rene shi cikin makiyaya a labarinsu, har ɗaya daga cikin sunayensa, Gopala, ma'anarsa mai kiwon shanu. Bafulatanin da ya san kowace saniya da sunanta da na uwarta, wanda zai kwana da yunwa bai yanka karsana ba, ba zai ji wannan ya zama baƙon abu ba gaba ɗaya. Kuma akwai zumunci na jini: duk saniya mai tozo, Bunaji ce, Rahaji, Gudali ko Azawak, kakanninta daga yankin Indiya da Pakistan suka fito, suka shigo Afirka ta gabas tun zamani mai nisa.

Wasu makarantun ma gonar shanu suke kai yara. Kusa da garin Watford akwai wani gidan ibadar Hindu da mawaƙin nan George Harrison ya ba su kyauta a 1973. Suna da garke, da hannu ake tatsa, ba a yanka ko ɗaya. Bijimai su yi noma su ja amalanke, in sun tsufa a ci gaba da ciyar da su har ajalinsu. Dillali zai ce to ina ribar? Babu, sadakar mabiya ce ke cike giɓin. Wani lokaci kuma abin yakan yi karo da hukuma. A 2007, a wani gidan ibada a Wales, gwaji ya nuna wani sa mai suna Shambo yana da tarin fuka. Doka ta ce a kashe duk dabbar da ta kamu don kare garkunan maƙwabta. Masu gidan suka ce a bar su su killace shi su yi masa magani. Kotu ta farko ta ba su gaskiya, ta ɗaukaka ƙara ta soke, ranar 26 ga Yuli ƴan sanda suka janye masu addu'a daga ƙofa aka tafi da shi. Da aka buɗe cikinsa an ga alamun cutar. Ni a wannan ina bayan likitocin dabbobi, duk wanda ciwon huhu ya taɓa shiga garkensa daga mashaya ya san dalili. Amma na fahimci hawayen mutanen.

Akwai kuma gefen da ba a cika faɗa wa ƴan shekara goma ba, ku kuwa manya ne. A Indiya jihohi da yawa sun haramta yanka saniya. Ƙasar ita ce ta ɗaya a duniya wajen samar da madara, kuma tana cikin manyan masu fitar da nama waje, sai dai na ɓauna ne. A tsakanin nan ne wasu gungun matasa masu kiran kansu masu kare saniya suke tare motocin dabbobi a hanya. A watan Afrilu 2017 suka tare wani Musulmi mai sana'ar madara, Pehlu Khan, yana dawowa da shanun da ya saya a kasuwar Jaipur, suka yi masa dukan da bayan kwana biyu ya cika. Mai siyasa da addini daban, tsohuwar da ke kunna fitilarta a Neasden daban. Mu da ake yi wa kuɗin goro duk lokacin da wani ɗan bindiga ya yi ɓarna, bai kamata mu yi wa wasu ba.

Wuri na uku ba zan daɗe ba, shi kansa wurin shiru ne. A Wimbledon, unguwar da ake gasar tanis, akwai gidan ibadar Buda irin na ƙasar Tailan, mai jan rufi da ado ruwan zinari, a tsakiyar lambu da ɗan tafki. An gama babban ɗakinsa a 1982. Buda ba suna ba ne, laƙabi ne, wanda ya farka. Sunansa Siddhartha Gautama, ɗan sarauta, an haife shi kimanin shekara 2,500 da suka wuce a Lumbini, cikin Nefal ta yau dab da iyakar Indiya. A labarinsu an tsare shi a fada don kada ya ga wahala, ranar da ya fita sai ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa. Ya bar gida yana da shekara 29, ya yi ta azabtar da kansa da yunwa har ya kusa mutuwa, sai wata ƴar ƙauye, Sujata, ta kawo masa shinkafa da madara. Daga nan ya ce hanya tana tsakiya, ba holewa ba, ba kuma kashe kai da yunwa ba. Koyarwarsa ba ta tsaya kan Mahalicci ba, a nan muka yi hannun riga. Ta tsaya ne kan cewa kwaɗayi shi ne tushen wahala. Mabiyi yana ɗaukar alkawari biyar: ba kisa, ba sata, ba zina, ba ƙarya, ba maye.

Mutum biyu na farko da suka bi shi, in ji littattafansu, fatake ne masu ayarin amalanke, suka tsaya suka ba shi waina da zuma. Kuma ta hanyoyin fatake addinin ya bi har ya kai Sin, kamar yadda Tarihin Kano ya ce Wangarawa ne daga Mali suka zo da Musulunci zamanin Sarki Yaji. Sai dai sana'armu ba ta samu shiga ba: cikin cinikayya biyar da ya hana mabiyansa akwai ta nama, tare da makamai, bayi, giya da guba.

Yaran za su ga babban mutum-mutuminsa a zaune, mabiya suna sunkuyawa sau uku, suna ajiye furanni da turare. Za su ga sufayensu masu aski ƙwal da mayafi ruwan goro, waɗanda ƙa'idarsu doka 227 ce, ciki har da rashin cin abinci bayan rana ta take da rashin riƙe kuɗi. Suna da ƙoƙo kamar na almajiri, amma ba sa roƙo, tsayawa suke shiru, mai bayarwa kuma shi ke godiya. Mace ba ta taɓa su, ko abu za ta ba su sai ta ajiye bisa ƙyalle. Akan ce wa yara su zauna shiru na ƴan mintoci, ido a rufe, suna lura da numfashinsu. Wannan ma wanda bai so ba sai ya zauna kurum.

To Alhaji, ga ra'ayina, na ƙaramin ɗanku. Hausawa sun ce gani ba ci ba. Ku da kuke kai shanu Legas, wasu Kumasi, wasu Kwatano, kun fi ni sanin cewa baƙo makahon gari ne sai ya san abin da mai masauki yake girmamawa da abin da yake ƙyama, kuma sanin bai taɓa hana ku shimfiɗa buzu in lokacin salla ya yi ba. Yarinyar nan a garin za ta girma. Likitan da zai duba ta, mai kantin layinsu, wanda zai ɗauke ta aiki, wataƙila daga gidajen nan uku za su fito. Kuma motar da za ta kai su gurdwara, ita ce wani zangon karatun take kai ajin masallaci, a nan ma akan samu iyayen Turawa da ke ƙin sa hannu don abin da suka ji a bakin mutane. In muna so ƴaƴansu su shiga su ga yadda muke alwala da sahu, da wane baki za mu ce namu ba za su leƙa ba?

Amma ba na ce a sa hannu ido rufe ba. Ƙaninku ya je ya ga mushen ajin, ya tambaye shi kai tsaye: kallo ne ko akwai abin da za a ce yara su yi? Ya rubuta a takardar cewa ɗiyarsa ba za ta durƙusa ba, ba za a sa mata komai a goshi ba, ba za ta karɓi abincin da aka miƙa wa abin bauta ba. Makarantun can sun saba da irin wannan sharaɗi. Sau da yawa ma suna neman iyayen da za su raka yara a motar, in yana da hali ya ɗauki hutun yini ɗaya ya bi su, zuwa da kai ya fi aike. In duk da haka shi da malaminsa hankalinsu bai kwanta ba, doka tana bayansa, yarinyar za ta wuni a wani aji, babu mai rage mata maki.

In kuma an yanke za ta je, a sa mata doguwar riga da hijabinta, ya wadatar a duk wuraren uku. A duba safarta kada ta kasance mai huda, domin sau uku za ta cire takalmi.